Yadda En'e ta bi ni har Sydney

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar East Greensboro a Amurka, ni da Alhajin da nake haya a gidansa, mutumin Nijar, wanda ya rantse shi zai kai ni filin jirgi. Hajiyarsa ta cusa mini ƙullin dambun nama a jaka. Taron masana tarihi za ni a Ostireliya, kuma karo na farko kenan da zan tsaya gaban mutanen da ba 'yan ajinmu ba, in gabatar da bincikena a kan mulkin En'e a Arewa. Alhaji ya ga ina ta laluben aljihu, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Malam, fasfon nan ba shi da ƙafa. Bar shi ya huta."

Ƙaramin jirgi ya sauke mu a Dallas, daga nan muka hau babba. Na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, har yanzu teku ce a ƙarƙashinmu. A Sydney aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Na ce e, tun kafin ma'aikacin ya rufe baki. Cikin ladabi ya karɓe dambun Hajiya, ni ma cikin ladabi na bi shi da kallo. A waje sanyi na tarar, alhali na baro Greensboro tana tafasa. Motoci a hagu suke tafiya, ɗan ƙaramin kofin gahawa kuɗinsa ya isa abincin rana, sannan da na duba alƙibla sai wayata ta nuna yamma. Sai da na tambayi wani mai shago ɗan Labanon kafin na yarda na ba gabas baya.

Wata dattijuwa ce ta buɗe taron, farfesa, daga cikin mutanen asalin ƙasar. Kowa Anti yake ce mata, kamar dai a wajenmu. Zan faɗi abin da na fahimta, mai yiwuwa da saura. Turawan Ingila da suka iso sun ɗauka a dokarsu cewa ƙasar ba ta da mai ita, alhali mutane sun yi dubban shekaru a kanta. Cututtuka suka biyo baya, da kashe-kashe, da ƙwace filaye. Daga baya aka riƙa raba yara da iyayensu, mahaifiyarta na ciki, aka hana su harshensu. An daɗe kafin kotu ta rushe waccan magana ta ƙasa marar mai ita, gwamnati kuma ta nemi gafara. Ta ce aiki bai ƙare ba. Sai ta ambaci kalmar da ta taso tana jin ana jifan danginta da ita: native, wato ɗan ƙasa, amma da raini.

Sunan takardata da Turanci yake, an riga an buga shi, kuma Native Authority na zaune a tsakiyarsa. Washegari zan tsaya gabanta in yi ta maimaita kalmar.

Kifi da soyayyen dankali aka ba mu da rana, ban ji ɗanɗanonsu ba. Har na fara shirya yadda zan ce zazzaɓi ya kama ni. Da na ga ƙarya ba za ta yi mini ba, na je na sami Anti, na ɗan rusuna, na yi ta kame-kame. Ta katse ni.

"Ku yaya kuke kiran abin a harshenku?"

"En'e, Anti."

Na yi mata bayani cewa haruffan farko na Native Authority muka ɗauka muka tauna har suka zama Hausa, kuma kakana ma'aikacin asibitin En'e ne, da alfahari yake faɗa. Ta yi dariya har da dafa tebur.

"Wato kun cinye wa Turawa kalmarsu. Ku sun gan ku, suka mallake ku ta hannun sarakunanku. Mu cewa suka yi ba su ga kowa ba. Kada ka ɓoye ta, ɗana. Faɗa mana yadda kuka yi."

A can, duk mai jawabi yakan fara da ambaton mutanen da ƙasar take tasu. Na haddace jimlar, amma washegari da na hau dandamali sai na ji kamar zan karanta ta ne don a ce na karanta. Na ajiye takarda na yi sallama, na ce a wajenmu baƙo ba ya shiga sai masu gida sun amsa, don haka zan jira. Na tsaya ina kallon zauren. Sai Anti ta amsa daga kujerar gaba, da harshen da aka hana mahaifiyarta.

Ban san inda muryar ta fito mini ba. Na faɗi kalmar sau ɗaya da Turanci, daga nan En'e na yi ta cewa, kuma ban ɓoye harajinta da kurkukunta ba. Na kuma ce ban zo in daidaita abin da ya same mu da abin da ya same su ba, don ba ɗaya ba ne. Da aka zo tambayoyi, wani farfesa mai furfura ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan En'e taku..." Bature ne, da bakinsa. Ina ganin, in ban yi kuskure ba, an tafa mini sosai.

Abin da na dawo da shi shi ne, mai mulki ɗaya ne, amma tabon kowa dabam, kuma ba ka sanin inda yake sai ka tambayi mai shi. Alhaji ya tarye ni, na ba shi labari tun daga dambu har sallama. Muna kan hanyar gida ya kalli itatuwan bakin titi, ya ce:

"To Malam, nan Greensboro su wa ne masu gidan? Na daɗe a garin nan, ban taɓa yi musu sallama ba."

Ni ma ban sani ba. Washegari na tafi laburare.