Sirrin da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne Yaya Sale, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai shegen son sani. Ko rediyon Baba sai da ya kwance ya ga mai magana a ciki.

A shekarar da Lafiya ta zama babban birnin jiha, shi ke kula da kwamfutar wani shagon buga takardu. Da safe a buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa, da yamma ɗalibai su zo koyon kwamfuta a kanta. Kowace mai bugawa da kalmar sirrinta. Kwatsam tambayoyin wata makaranta suka fita, kuma da kalmar Ngunan aka buɗe su, wata mai bugawa 'yar ƙabilar Tibi daga Agyaragu, mai 'ya'ya uku a wuyanta. Mai shago ya ce sayarwa ta yi, ƙarshen wata ta kama gabanta. Ta rantse har ta gaji.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Wata safiya ya sayi ƙosai a bakin shagon, kuma da yake ko kwalin ashana ya gani sai ya karanta, ya warware takardar da aka naɗe masa. Ga sunan Ngunan, ga kalmarta a gefe, mai ya jiƙa su. Ashe manhajar kwamfutar tana rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya danna, har kalmar sirri ba ta ɓoyewa. Shi kuwa duk mako yana buga wannan bayani don duba matsala, in ya gama ya miƙa wa mai ƙosai, don a wurinmu zubar da takarda mai kyau almubazzaranci ne. Ɗaliban nan kuma a wurinta suke karin kumallo.

Ya ɗauki takardar, duk ta yi maiƙo, ya kai wa mai shago, ya ce, "Oga, ba ita ba ce, ni ne." Kora ta dawo kansa. Na ji haushinsa sosai, don a lokacin matarsa na da tsohon ciki.

Yanzu da nake jin har manyan kamfanoni na tafka irin wannan kuskure, sai in ce ko me Yaya zai ce? Dariya zai yi, ko wayata zai karɓe ya tambaye ni ina take rubuta abin da na danna, wa kuma ke karantawa? Na san dai ba zai tsaya zagin ɓarayi kawai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma ranar ta'aziyyarsa Ngunan ta zo, da furfura a kanta, ta zauna cikin matanmu tana kuka. Ta kama hannuna ta ce, "Da ya yi shiru, ba wanda zai sani. Ni ce za su kira ɓarauniya har na mutu." A ranar na daina jin haushinsa. Allah ya jiƙanka, Yaya.