Baƙar ƙurar da ke cikin rudun albasarmu

Shekarun baya, ni da yayana muke noman albasa a fadamar garinmu, kusa da Madawa. In an cire, sai mu zuba ta a rudu, wato bukkar ajiya, mu riƙa shiga muna tsince ruɓaɓɓu. Wadda baƙar ƙura ta hau, mu ɗaga mu hure da baki, fuu, mu mayar. Haka muka ga mahaifinmu yana yi.

Yayana ya taɓa yin tarin fuka ya warke. Da tari ya dawo masa, sai muka ce tsohon ciwo ne. Wata safiya a bakin rudu ya tofar da jini, har ya ɓata masa riga. Ni da nake cika baki ba na tsoron komai, ranar a guje na kai shi asibiti.

A asibiti aka gwada majina, babu tarin fuka. Wannan ya fi firgita ni, don ciwon da ba shi da suna ban san ta inda za a kama shi ba. Sai da aka tura mu babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya tambayi sana'armu. Ya ce fumfuna ce, wato baƙar ƙurar nan ta albasa, ta samu ramin da tarin fuka ya bari a huhu ta zauna. Na ce ai jiki yana da masu tsaronsa. Ya ce ƙwayarta tana da wani lulluɓi da ke hana su gane ta, kuma tun fil azal waɗanda suka fi iya ɓuya su ne ke tsira su hayayyafa.

Yayana ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kenan abin nan shina cikina yanzu, jikina bai sani ba?"

Ni ma na hure albasar da ba ta ƙirguwa. Watannin da ya yi yana shan magani, ko ƙwarewa na yi da fura sai na duba tafin hannuna ko akwai jini.

Ya rayu, alhamdu lillahi, amma an hana shi shiga rudu har abada. Yanzu ni kaɗai nake shiga, da ƙyalle ɗaure a hanci, maƙwabta suna min dariya. Har yau in na ɗaga albasa mai baƙi, bakina da kansa yake tattaruwa. Sai in ji muryarsa daga gindin bishiya, da ɗan numfashin da ya rage masa: "Kak ka hura."