Kayan Sun Isa Kano, Ɗalhatu Bai Isa Ba

Allah ya jiƙan Ɗalhatu, ya sa makwancinsa ya fi ɗakin da muka zauna yalwa. Ni sunana Idris, direban a-kori-kura ne a Ras Al Khor da ke Dubai. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma tun 2016 ɗakinmu ɗaya da shi a Hor Al Anz, gadonsa a ƙasa nawa a sama. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Ɗan Kurna ne a Kano. Ya tashi yana tsaron shago a Ƙofar Ruwa wajen masu kayan gyaran mota, yana zuwa makarantar yamma har ya samu difloma a lissafin kuɗi. A can wani ubangidansa ya taɓa yin lissafi da ka, ya ce kuɗi sun yi ƙafa, ya kore shi a bainar jama'a. Daga baya kuɗin suka fito a aljihun ƙanin mai shagon, kuma ba wanda ya ba shi haƙuri. Tun daga nan ya daina yarda da lissafin ɗan Adam. Yakan ce na'ura ba ta da ƙani, ba ta da suruki, abin da ke nan shi za ta faɗa.

Alhaji Badaru ne ya kawo shi Dubai, ya riƙe masa shagon tsofaffin injinan mota. Da yake Alhaji ya fi zama Kano, sai ya sa sunan Ɗalhatu a lasisi a matsayin manaja, ya ba shi ikon sa hannu a banki. Ranar da takardar ta fito, shinkafa da naman rago ya sayo wa duk 'yan ɗakinmu. Muna ci muna tsokanarsa, manaja mai kwana a ƙarƙashin direba. Shi dai murmushi yake yi, yana tura mini tsokar da ta fi laushi. Haka yake, bai iya cin abu mai daɗi shi kaɗai ba.

A farkon 2018 gwamnatin tarayya ta ƙasar nan ta kawo harajin VAT, kashi biyar cikin ɗari a kan ciniki. Alhaji ya sayi manhajar lissafi, wani ya zo ya saita ta a kwamfutar shago. In mai saye na cikin ƙasa ne, sai ta ɗora biyar ɗin. In aka rubuta adireshinsa Najeriya ko Nijar, sai ta sa sifiri, domin kayan da suka fita waje ba a ɗora musu. Su kuwa kusan duk masu sayensu 'yan Kano ne da Kaduna da Maraɗi. Ga shi harajin da shago ya biya wajen sari ana cire masa. Don haka duk bayan wata uku allo ya nuna ba a bin su komai, har da rara.

Ya taɓa nuna mini a wayarsa. "Ka gani, mutumina? Gwamnati ce ma ke riƙe mana canji."

Na ce to yalla, maza ya karɓo mu sha shayi. Muka yi dariya, ya danna ya tura wa hukumar haraji.

Sai na faɗi yadda mutanenmu ke aika kaya, don a nan ramin yake. Ba mai cika kwantena shi kaɗai. Ni nake ɗaukar injinan in kai siton Shu'aibu mai kargo, shi kuma ya haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya. Takardun fita duk da sunan kamfaninsa ake yi, a rubuta tsofaffin kayan mota a dunƙule, a rage musu daraja don kuɗin kwastan ya yi sauƙi a can gida. Kowa ya sani, amana ce ke tafiyar da abin. Ba takarda ko ɗaya mai sunan shagon Ɗalhatu.

Ƙarshen 2019 ya yanki tikitin gida. Matarsa Asama'u ta haifi 'yarsu ta fari, Muhsinat, bai taɓa ɗaukarta ba, a waya kawai yake ganinta. Ya cika akwati da 'yan riguna da takalma, kullum sai ya buɗe ya sake jera su. Ana cikin haka hukumar haraji ta nemi bincike. Tambayarsu guda ce: ina shaidar cewa kayan nan sun bar ƙasar? In babu takardar fita da ta dace da rasit, to a cikin gida aka sayar. Aka lissafa musu biyar cikin ɗari na cinikin kusan shekara biyu, aka ɗora tara.

Tare muka je roƙon takardun fitan wurin Shu'aibu, mutumin da muke cin abincin Juma'a kwano ɗaya. Ya sa aka kawo shayi, ya rufe ƙofa.

"Wallahi Ɗalhatu ina jin ciwon abin nan," in ji shi. "Amma kuɗin da ke jikin takarduna ba su kai rabin na rasit ɗinka ba. Kai ba za su fisshe ka ba, ni kuma su kai ni ƙasa. Khalas, shi ke nan, ka yi haƙuri."

Masu saye suka riƙa aiko hotunan injinan a shagunansu na Kano, wasu ma a cikin motoci suna aiki. Hoto kuwa ba takarda ba ne. Da Ɗalhatu ya kira Alhaji, abin da ya ce masa shi ne, "Kai ne mai difloma, ni me na sani a kwamfuta?" Ya yi alkawarin zuwa, sai korona ta rufe hanya, ta ba shi uzurin da yake nema. Kuɗin da ke asusun shago suka tafi wajen rage harajin. Cekin da Ɗalhatu ya sa wa hannu na wani mai ba su sari ya dawo babu kuɗi, mutumin ya kai ƙara, aka hana shi fita ƙasar har sai an biya.

A zaman kullen nan ne ya koyi abin da gaske. Ya baza rasitai a kan gadonsa, da biro da kalkuleta, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Harajin da ka karɓa a ciniki, ka cire wanda ka biya a sari, abin da ya rage shi ne na gwamnati. In farashi ya riga ya haɗa da haraji, ba biyar cikin ɗari za ka cire ba, gida ashirin da ɗaya za ka raba, ɗaya nasu ne. Ni ma da ba na so sai da ya koya mini. Na san abin da yake nema, so yake ya kama na'urar da kuskure ya samu wanda zai nuna wa yatsa. Wata rana da hantsi ya ajiye biron.

"Idris, ko kwabo ba ta ɓata ba. Adireshi ta tambaye ni, na ba ta. Abin da na zuba mata shi ta dafa."

Ban taɓa jin muryarsa ta mutu haka ba.

Da aka buɗe gari sai ya riƙa bin shagunan Hausawa yana cewa kada kowa ya tura lissafi sai ya zari rasitai kaɗan ya buga da hannunsa, kuma duk inda ya ga sifiri ya tambayi kansa ina takardar da ke bayansa. Wasu sun ji, sun gyara, sun tsira. Wasu in sun hango shi sai su kara waya a kunne, kamar bashi cuta ce mai yaɗuwa.

Akwatin nan da ya gaji da kallo, ni na kai shi siton Shu'aibu. Ya ƙi karɓar kuɗin awo, iyakar taimakonsa ke nan. Kafin ya isa Kano takalman sun yi wa yarinyar kaɗan.

Farkon 2021 hawan jini ya kayar da shi a cikin shago bayan azahar. Bai daɗe a asibiti ba. Muka binne shi a maƙabartar da ke wajen Muhaisnah, mu 'yan kaɗan, kowa da takunkumi a fuska. Asama'u ta tambaye ni ko ya bar wata magana. Na ce ya yi ta ambaton sunanta da na Muhsinat, kuma gaskiya na faɗa.

Tsakiyar shekarar aka sanar da rangwamen tara ga masu bashin haraji. Sai ga Alhaji Badaru ya sauka. Ya biya abin da ya rage, ya sasanta da mai sarin, ya buɗe shago da sabon manaja. Ya zo ɗakinmu ta'aziyya, ya zauna yana jan carbi, ya ce Ɗalhatu mutumin kirki ne, sai dai bai cika lura ba. Da zai tashi ya tambaye ni ko zan ci gaba da ɗaukar masa kaya.

Ina da 'ya'ya a gida da kuɗin makaranta a kaina. Na ce zan ɗauka.

Ya Allah, ka yi wa abokina sauƙin hisabi, ka raya masa Muhsinat.