Hoton Goggo

Lokacin da nake ɗaukar hoto a bakin kasuwar Azare, fim ɗin da nake sa wa kyamarata yana ɓata launin mutane. Baƙi ya fito kamar an shafa masa toka, fari ya yi ja kamar manja. Sai na je Kano na zaɓo fim na ƙwararru, mai fito da fata yadda Allah ya yi ta.

Goggona na fara ɗauka. Da aka wanko hoton ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ai ni ce."

Na ce, "Ke ce, Goggo."

Ta miƙo mini. "To, ina da madubi a ɗaki."

Hoton yana wurina har yau. Tun rasuwarta, shi jikokinta ke zuwa gani.