Jan Tankin Babur a Tafin Hannuna

Sana'ata bugun tufafi, ita na gada. Makarantar boko leƙa ta kawai na yi kamar yadda akuya ke leƙa madafi, aka ɗaga mini sanda, ban sake komawa ba. Abin da na sani a duniya shi ne ƙyalli. Ka miƙo mini shadda in shafa ta da tafin hannu, zan gaya maka ko ta bugu ko da saura. Da kafaɗata ta ƙi aiki, sai na koma karɓo kaya daga gidajen mutane ina kai wa masu ƙarfi, in an buga in mayar. Duk a kan babur ɗina ja nake wannan zirga-zirga, daga Mandawari zuwa Shahuci zuwa inda hali ya yi. Shi ne ƙafata, shi ne kuma dalilin da ake sallama da ni a ƙofar gida.

To, sai ido ya fara yi mini rowa. Da farko kamar hayaƙin murhu, daga baya kamar ana kallon duniya ta cikin koko. Ban gaya wa kowa ba. Lungunan unguwarmu na haddace su kamar Fatiha, na ce me zan yi da ido. Amma haddar ba ta san inda aka ajiye baro ba, ba ta san maƙwabci ya zuba yashi ba. Tankin nan da murfin gefe suka cika da kwarzane, ga rana ta riga ta koɗar da fentin ya zama kamar busasshen tattasai. Kowane tabo da labarin da na ƙera masa. Wannan ɗan dako ne ya faɗo mini, wancan tunkiya ce marar tarbiyya.

Uwargida tana ji, ba ta musu. Ashe waya take yi da ɗan farinmu da ke aiki a Kaduna, wanda har yau bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Rannan ya kira ni.

"Baba, ina nan tafe ranar Juma'a. Zan duba mashin ɗin nan. In abin da nake ji gaskiya ne, makullin zai huta, mu je a duba idon."

"Idona ya fi naka," na ce masa. "Kai ne mai tabarau."

Ya yi dariya, ni kuwa ban taya shi ba. Na san tsofaffin da aka karɓe wa makulli. Suna nan kan dakali, in jika ya ga dama ya kai su unguwa, in bai ga dama ba su wuni suna korar ƙuda.

Washegari na lallaɓa wajen wani mai fentin babura kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Bazazzagi ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Bakano, yau kuma katangar wa ka je gaisarwa?"

"Tashi ka gaida ubangidanka, bawan banza. Magani nake so na wannan ƙazantar."

Ya zagaya babur ɗin yana tsaki. "Ka bar mini shi in fesa masa sabon fenti, ya fito kamar ango."

Na ƙi. Sabon fenti a tsohon babur kamar rini ne a gemun tsoho, kowa ya gani ya san akwai abin da ake ɓoyewa. Ni so nake yaron ya zo ya tarar da abu mai tsafta, irin na mutumin da yake ganin abin da yake yi.

Sai ya ba ni samfefa mai laushi, ya ce in jiƙa ta a ruwan sabulu, da ɗan gwangwanin man goge fenti, da farin tsumma. Ya daina wasa ya ce, "Baba, ka ji da kyau. Fentin nan bai fi ɓawon albasa kauri ba. Ka riƙa murzawa a hankali kana duba tsumman. In ya ɗan yi ja-ja, mataccen fenti ne yake fita. In ka ga ya rine sosai, ka tsaya, ka fara cin mai rai. Aikin ido ne wannan."

"Ni za ka koya wa ƙyalli? Ina fitar da shi tun ba a yi maka kaciya ba."

Bayan azahar na shigar da babur soro, na turo ƙofar waje don kada masu wucewa su kai rahoto, na saki labulen cikin gida don kada uwargida ta leƙo. Soron ya yi duhu, ban damu ba, ai dama rabona da haske sosai an jima. Na bi tankin da yatsa. Duk inda na ji kwarzane sai in sa samfefa, in bi da mai, in murza da tsumma, in sake shafawa. In na ji da saura in ƙara. Wallahi na ji daɗin aikin nan. Kafaɗar da ta ƙi bugu ta tashi, har ina 'yar waƙa. Na ɗaga tsumman sau da yawa kamar yadda aka ce, na ga abu dishi-dishi, na ce lafiya lau. Washegari ma na koma. Da na gama, tafin hannuna yana zamewa a kan tankin kamar a kan shaddar da ta sha bugu. Na lulluɓe shi da tsohon zane.

Ranar Juma'a da hantsi yaron ya iso. Bayan an gaisa, ni da kaina na turo babur tsakar gida, na yaye zanen kamar mai buɗe kayan lefe.

"To, ga shi. Nuna mini kwarzane ɗaya."

Na ji uwargida ta ajiye ludayi.

"Baba, kai ka yi wannan aikin?"

"Da wa zai yi? Makaho?"

Ya sunkuya yana shafa tankin.

"Malam," in ji uwargida, muryarta ƙasa-ƙasa, "jan ai ya ƙare. Saman tankin duk toka-toka ne, wani wajen ma ƙarfe ne tsirara. Tun shekaranjiya nake ganin hannunka kamar na amaryar da aka sa a lalle, na rasa ta inda zan fara."

Na kawo tafina daf da hanci, a cikin rana. Ja ne, har cikin farce. Da wannan hannun na yi ta gaisawa da mutane a masallaci, ba wanda ya ce mini komai.

Na nemi abin da zan ɗora wa laifi. Na tuna Bazazzagi, na tuna duhun soro, har tunkiyar nan ta zo mini a rai. Ban sami ko ɗaya da zai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da ya tsaya mini a zuciya shi ne yaran lungunmu da suke fitowa a guje ba sa duba gabansu, sun bar wa mai babur ya duba musu.

Yaron bai miƙo hannu ba, kansa na sunkuye. Na laluba aljihu na ciro makullin, na ba uwarsa, don ba zan iya ba shi ba.

"A fesa masa sabon fenti, Baba," ya ce. "Ni zan kai."

"Bar shi haka. In likitocin naka sun wanke idon, ina so in ga ɓarnar da na yi."

An yi aikin ido ɗaya, ɗayan an ce sai an ga yadda hali ya yi. Na ga tankin. Ya fi yadda suka faɗa muni, tsatsa har ta fara cin gefen murfin mai. Makullin yana cikin kwallar uwargida, na san kwallar, na san inda take ajiye ta. Kayan bugu kuwa wani ne yake karɓowa yanzu. Jiya na ji ya tsaya a ƙofar maƙwabcinmu yana sallama, ina zaune a kan dakali.