Mai Katuna a Iyakar Jibiya

Duk tambayar da aka yi masa, sai ya daidaita bakin katunansa da tafin hannu kafin ya amsa. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare, yana zaune kusa da ni a bencin ofishin iyaka na Jibiya, a shekarar 1977. A cinyarsa akwai kwali cike da katuna masu ƙananan huji.

Ɗan kwastan ya ce, "Malam, nawa ake sayar da waɗannan?"

"Ba a sayarwa, ranka ya daɗe. Umarni ne na kwamfuta. Na rubuta shi don ya riƙa nuna wa masu irin aikina inda suka yi kuskure. Wani a Yamai ya nema, zan kai masa ya kwafa."

"Kyauta? Ana wannan ruwan kuɗin man fetur?"

Murmushi kawai ya yi. Ina jin ba yau aka fara yi masa wannan tambayar ba.

Ni kuwa takardar shiga Nijar ta gagare ni, ga ƙanwata Salmatu kwance ba lafiya a Maraɗi. Mai katunan bai karɓe ta ya cike mani ba. Ya bi da ni layi-layi da Hausa har na cike da hannuna, aka buga hatimi. Allah Ya saka masa.

Da ya ga jerin mutanen da ke bayana, sai ya yage murfin kwalinsa, ya shiga rubuta ma'anar kowane layi, boko da ajami. Saura layi uku direbansu ya danna ham.

Ya jingine murfin a bango, ya ajiye biron a gefe.

Ya dube ni ya ce, "Baba, duk wanda ya iya, ya ƙarasa."