Inda Na Ajiye "Only"

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da kalma ɗaya ta Turanci ta kashe mini baki ba. Lokacin ina ƙaramar sakandare, kuma duk Ƙofar Guga babu mai surutuna. Mama takan ce ko rediyo ya gan ni sai ya yi shiru.

A makon ne malamin Turanci ya koya mana "only". Ya ce, "Ku kula da inda take zama, don abin da ke gabanta shi take kamawa." Na ce, "Malam, ai kamar ɗan acaɓa take, ko'ina ta ga dama ta tsaya." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ban saurari sauran ba.

Ranar Asabar yayana ya tafi Kano saro kaya tare da amininsa, ɗan maƙwabciyarmu da muke kira Inna, shi ke nan gare ta. Da hantsi aka kira Mama da wayar Yaya. Wata nas ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa. Mama ta miƙo mini wayar ta ce, "Karɓi, ke mai Turanci."

Matar ta ce motarsu ta yi hatsari, sannan ta ce, "Your brother is only injured." Layi ya yanke. Nufinta rauni kawai ya ji, bai mutu ba. Ni kuwa kaina ya ɗauko "only" ya kai ta farkon jimla. Na ce, "Mama, Yaya ne kaɗai ya ji ciwo!"

Sai ga Inna, da ta jiyo mu ta katanga, ta faɗo gidan babu ko takalmi. "Ke ɗiyar nan, nawa fa?"

Da na tsaya iyakar abin da na ji, da sauƙi. Amma bakina bai saba ba. Na ce, "Inna, ko ƙwarzane babu. Yana can ma yana cin tsire!"

Ta yi dariya da hawaye, ta faɗi ta yi sujada a tsakar gidanmu. Ta zauna tana rarrashin Mama, sannan ta koma gida ta ɗora wa ɗanta ɗanwake, don ya fi son shi.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidanta. Maza suka sauko da shi a naɗe cikin tabarma. Ɗanwaken na nan a rufe cikin kwano.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. A wurin zaman makoki ta dube ni a hankali ta ce, "Ɗiyata, ba ke kika ce yana cin tsire ba?"

Har yau ina da surutu, ban fasa ba. Amma in aka ba ni saƙo, ina ajiye kowace kalma inda na same ta, ba na ƙara mata ko gishiri. In ban gane ba, na ce ban gane ba.